Sanga-sanga: abin da ke cikinta, da abin da take yi wa jikin yaro

Tambaya: Wata baiwar Allah daga ƙasar Argungu ta rubuto tana cewa: "Assalamu alaikum. Duk damina idan masassara ta kama yarana, uwar mijina takan tsinko sanga-sanga a bayan gida ta dafa da 'yar kanwa, a yi musu surace da wanka, a kuma ba su su sha. Wani lokaci suna samun sauƙi, amma ƙaramin yakan yi ta zawo. Kwanan nan kuma na ga yaran suna ɓare 'ya'yanta suna taunawa wurin wasa. Mene ne a cikin wannan ganye, kuma da gaske yana maganin masassara da shawara?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana yaran, ya ƙara wa Inna lafiya. Zan fara da abin da kika ambata a ƙarshe, domin shi ne ba ya jira. Daga yau kada wani yaro ya sake kai 'ya'yan sanga-sanga bakinsa, ɗanyu ne ko busassu. Ganyen da Inna take dafawa akwai magana a kansa, mai daɗi da marar daɗi, amma ƙwayar da ke cikin kwasfa ta kashe yara masu yawa a Indiya kafin a gane ita ce. Zan zo kan wannan dalla-dalla. Sai dai dalilin ba zai fito miki sarai ba sai kin san abin da ke cikin tsiron, don haka ki yi haƙuri mu bi ta kan sinadaran tukuna.

Mu tabbata tsiro ɗaya muke nufi. Abin da mu a Kabi da Sakkwato da Zamfara muke kira sanga-sanga, shi ne a gabas ake kira rai ɗore, wasu kuma su ce majamfari. Masana tsirrai suna kiranta Senna occidentalis. Wani masanin tsirrai mai suna Linnaeus ya rubuta ta a 1753 da sunan Cassia occidentalis, shi ya sa har yau ake ganin sunayen biyu a takardu. Asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida a nan: juji, kangon gida, gefen burtali, duk inda shanu suka taɓa kwana. Tana da 'yan'uwa biyu da ake rikita su da ita, tafasa da filasko. Ki tsinko reshe ki duba. Ganyen sanga-sanga yana da tsini a baki, yana zuwa bibbiyu suna fuskantar juna, yawanci jeri 4 zuwa 6, kuma a gindin sandar ganyen, dab da inda ta haɗu da kara, akwai wani ɗan ƙullutu mai duhu. In kika murza ganyen a yatsa zai bar miki wari mai nauyi. Kwasfarta faffaɗa ce kaɗan, tana ɗan lanƙwasa sama, in ta bushe tana kaɗawa kamar caki, abin da ke jan yara ke nan. Tafasa kuwa jeri 3 kawai take yi, bakin ganyenta a zagaye yake, kwasfarta siririya doguwa. Filasko gajere ne, yana bin ƙasa, da 'yar kwasfa mai lanƙwasa. Dangi ɗaya ne, sinadaransu ma suna kama, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma cewa muna cin kwaɗon tafasa lafiya lau ba hujja ba ce a kan sanga-sanga.

Babban abin da ke aiki a jikinta wani gidan sinadarai ne da ake kira antarakwinon. Ƙirarsu ɗaya: zobba uku na kabon a jere, manne da juna, na tsakiyar yana ɗauke da iskar oksijin biyu. Abin da ya rataya a gefen zobban shi ne ya bambanta wannan da wancan. Biyar daga cikinsu aka fi samu a sanga-sanga: rayin, imodin, alo-imodin, kirisofanol da fisiyon. Launinsu daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro. Su ne kuma ke cikin ruwan nan mai ɗaci rawaya da ke tsattsafowa in an yanki alobera. Suna cikin ganye, suna cikin saiwa, suna cikin fure, amma inda haɗarinsu ya fi taruwa shi ne ƙwaya. Ban da su akwai wani gidan sinadaran da ake kira flabonoyid, har masu bincike a Japan sun ware wasu guda uku a 1999 da suka raɗa wa suna daga sunan tsiron. Akwai tanin, mai sa baki ya yi bauri. A cikin ƙwaya kuma akwai mai, da furotin, da wani ƙaro mai yauƙi da ake kira galaktomanan.

Yadda antarakwinon ke aiki a ciki shi ne amsar zawon ƙaraminki. Da yawansu a jikin ganye ba tsirara suke ba, a ɗaure suke da sukari, kamar wuƙa a cikin kube. A haka suke wuce tumbi, su wuce ƙaramin hanji, ba su taɓa kowa ba. Sai sun isa babban hanji, inda ƙananan halittun da ke zaune a can suke cinye sukarin, sinadarin ya fito fili ya koma wani nau'i mai kaifi da ake kira antaron. Shi kuma abu biyu yake yi. Yana tsokanar bangon hanji ya riƙa matsawa da sauri, ya kuma hana hanjin tsotse ruwa da gishiri, har ma ya sa shi zubo nasa a ciki. Wannan tafiya tana ɗaukar awa 6 zuwa 12. Shi ya sa yaron da aka ba da magariba sai da asuba cikinsa yake murɗawa, uwa kuma ba ta haɗa zawon da abin da aka sha jiya ba, sai ta ce masassarar ce ta sauka a ciki, ko haƙori ne. Wanda jiki ya tsotsa daga ciki yana fita ta fitsari, yakan ma rina shi ja-ja ko ruwan ƙasa. Na sha jin ana cewa ai ciwon ne yake fita. Launin sinadarin ne kawai.

Wannan aiki na sassauta ciki gaskiya ne, ba camfi ba. 'Yar'uwarta sanamaki, wadda yabonta ya zo a hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, har yau daga ganyenta da kwasfarta ake ciro senosayid, ƙwayar da muke bayarwa a kantin magani ga wanda cikinsa ya ƙulle. To amma ki ji ƙa'idar da hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ɗora a kan sanamakin: miligiram 10 zuwa 30 na sinadarin a yini, kada a wuce mako ɗaya ana sha, kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba, kada a ba mai ciki ko mai shayarwa. Wannan fa ganyen da aka auna aka san ƙarfinsa ke nan. Wanda ake dafawa a gida ba shi da ma'auni. Ƙarfin ganye yana canzawa da irin ƙasar da ya fito, da shekarun tsiron, da ɗanye ne ko busasshe, da tsawon lokacin da ya yi a wuta. Damƙi ɗaya na Inna yau da damƙi ɗaya na gobe ba lallai su zo daidai ba.

Sai kanwa. A ɗakin gwaji, in muna son sanin ko ganye yana da antarakwinon, mukan dafa garinsa da ɗan ruwan asid don a kwance sukarin, mu tace, mu ja sinadarin da wani ruwa mai narkar da mai, sannan mu ɗiga amoniya mu girgiza. In yana nan, sai ki ga ruwan ya juya ja mai haske nan take. Wani Bajamushe mai suna Bornträger ne ya fito da wannan gwaji tun ƙarni na 19, har yau shi ɗalibai suke fara koya. Kanwa ɓangare ɗaya take da amoniya, wato kishiyar tsami ce. Shi ya sa in aka jefa ta a tukunya ruwan yake yin duhu ya yi ja. Abin lura shi ne waɗannan sinadarai ba sa narkewa sosai a ruwa zalla, amma suna narkewa da kyau a ruwan kanwa. Tsofaffinmu da suka ce kanwa tana fito da ƙarfin magani sun faɗi daidai. Ga babba mai ƙullewar ciki wannan ƙarin ƙarfi ne. Ga yaro ɗan shekara biyu mai zazzaɓi, ƙarin zawo ne, ga kuma gishirin kanwar kanta a jikin da ruwa ya riga ya yi wa ƙaranci.

Yanzu masassara. Ba zan ce miki babu komai a ganyen ba, domin akwai. Masu bincike a Kinshasa ta ƙasar Kongo sun gwada ruwan ganyen sanga-sanga a kan ƙwayar cutar cizon sauro a cikin kwalba, a 1999, daga baya kuma na saiwarta a jikin ɓeraye a 2001, suka ga yana rage yaɗuwarta. A Mali, sashen maganin gargajiya na gwamnati da ke Bamako ya haɗa wani garin shayi mai suna Malarial 5, wanda ganyen sanga-sanga ne mafi yawa a cikinsa, tare da wasu tsirrai biyu. Da aka gwada shi a jikin mutane, ya sassauta zazzaɓi da ciwon jiki, amma bai share ƙwayar daga jini yadda maganin asibiti yake yi ba. A nan gizo yake saƙa. Rage ƙwayar daban, kawar da ita daban. Babban mutum da ya girma a fadamar Argungu, sauro ya cije shi tun yana goye, jikinsa ya saba, in aka rage masa nauyin ciwon sau da yawa jikin yakan ƙarasa sauran. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 bai tara wannan garkuwa ba. Ƙwayar da ta rage a jininsa tana ci gaba da fasa jajayen ƙwayoyin jini, yau da gobe sai ki ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko kuma dare ɗaya ta hau kai, a shiga jijjiga.

Kin ce wani lokaci suna samun sauƙi, kuma na yarda. Zazzaɓin cizon sauro dama hawa da sauka yake yi: sanyi, zafi, gumi, sai jiki ya yi sanyi kamar an warke, kafin ya dawo. Duk abin da aka sha kafin gumin shi zai karɓi yabo. Wasu zazzaɓin kuma na mura ne, da magani da babu magani kwana uku sun wuce. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun kuma nuna ganyen yana ɗan rage zafin jiki da raɗaɗi. Duka wannan sauƙi ne na gaske a idon uwa, amma ba ya nuna abin da ke cikin jini.

Abin da ya sa nake matsawa a nan shi ne inda muke zaune. Binciken cutar cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya sami ƙwayar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar Kebbi, mafi yawa a duk Najeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Kusan rabin yaranmu ke nan. Saboda haka ne da aka tashi fara allurar rigakafin cutar, mai suna R21, a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Ana soma ta daga wata 5, allura huɗu ce. In kina da wanda ya kai, ki kai shi, kuma kada ki bari maganin damina da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata ya wuce ku. In zazzaɓi ya zo, gwajin ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 ne a asibitin unguwa. In ya nuna akwai, maganin da ake bayarwa na kwana 3 ne, sha 6, a shanye duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Wannan maganin ma daga tsiro ya fito, wani ɗan'uwan tazargade da ke ƙasar Sin, wanda Tu Youyou ta ciro sinadarinsa a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ina son a riƙa gaya wa iyayenmu wannan, domin su san ba ganye ake rainawa ba. An gwada shi ne a jikin dubban mutane, aka san adadin da ke kashe ƙwayar ba tare da ya kashe mai ita ba.

Surace da wanka ba su dame ni kamar sha ba. Antarakwinon ba sa bin tururi, suna nan zaune a tukunya, don haka abin da ake samu a surace ɗumi ne da gumi da buɗewar hanci. Babba zai ji daɗinsa. Amma kada a lulluɓe ƙaramin yaro mai zafin jiki a kan tukunya, zafi ake ƙara masa a kan zafi, ga haɗarin ƙuna. In Inna tana son yi masa wanka da ruwan ganyen, a surka shi ya zama ɗumi-ɗumi, a kula kada ya haɗiya.

Inda na fi ganin hujjar sanga-sanga shi ne fata. Kirisofanol da 'yan'uwansa suna hana naman gwarin da ke kawo makero da ƙyasbi yaɗuwa, an ga haka a gwajin kwalba. Daga wannan gida ne ma likitocin fata suka sami kirisarobin, wanda aka daɗe ana shafa wa makero, daga baya aka ƙera ditaranol a 1916, ana amfani da shi har yanzu ga wani ciwon fata mai saɓa. Don haka mai murza ɗanyen ganye ya goga a tabon makero a hannu ko a wuya yana kan hanya. A gwada a ɗan wuri tukuna domin yana iya yi wa wasu zafi, kada a sa a buɗaɗɗen rauni ko kusa da ido. Makeron kai kuwa, wanda ke cinye gashin yara, yana cikin saiwar gashi inda shafi ba ya kaiwa, sai maganin sha na makonni.

Shawara ita ce inda zan ce a'a kai tsaye. Idon da ya yi rawaya alama ce, ba ciwo ɗaya ba. Ko jini ne yake fashewa da yawa, kamar a masassara mai tsanani ko sikila, ko hanta ce ta kumbura, ko hanyar matsarmama ta toshe. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su sani ba. Duk antarakwinon da jiki ya tsotsa, hanta ce take aikin sarrafa shi. Mai shawara hantarsa ta riga ta gaji, sai kuma a ɗora mata sinadarin da aka tabbatar yana iya lalata ƙwayoyinta in ya yi yawa. Zawon da ke biyo baya, da fitsarin da ya rine, su suke sa a ga kamar shawarar ce take zuba. Mai rawayan ido gwajin jini yake bukata a ranar.

To, ga labarin ƙwayar. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, a gundumomi irin su Saharanpur da Bijnor da Muzaffarnagar, an yi shekaru ana fama da wani ciwo da ke zuwa kowace shekara daga Satumba zuwa Disamba. Ƙananan yara yake kamawa, 'ya'yan talakawan ƙauye. Yaro yana wasa lafiya, sai amai, sai zazzaɓi, sai ya rikice yana fizge-fizge yana cizon kansa ko na kusa da shi, sai doguwar suma. Cikin kwana biyu zuwa uku an rasa shi. Cikin kowane yara 4 da ya kwantar, wajen 3 ba sa tashi. An daɗe ana ɗauka ƙwayar cutar ƙwaƙwalwa ce, ana ta nemanta ba a samu ba. Sai wasu likitoci, cikinsu akwai Vipin Vashishtha da T. Jacob John, suka duba gawarwakin da jinin yaran da kyau, suka ga ba kumburin ƙwaƙwalwa ba ne. Hanta ce ta mutu, tsoka ta lalace, sukarin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa kuma ta biyo baya. Wannan hoto likitocin dabbobi sun daɗe da saninsa a jikin shanu da dawakin da suka ci sanga-sanga. Da aka bi gidajen ana tambaya, sai aka tarar yaran da suka kwanta sun ci 'ya'yanta. Sun buga sakamakon a 2007. Daga baya cibiyar binciken guba da ke birnin Lucknow a can Indiya ta sami waɗannan antarakwinon ɗin a jinin yaran da suka kamu, ta kuma nuna rayin ne ya fi sauran illa ga hanta, imodin na bi masa. Da aka shiga wayar da kan iyaye ana tuge tsiron a kewayen gidaje, ciwon ya ja baya ƙwarai, har a 2012 wani likitan Saharanpur ya rubuta cewa ya ɓace a yankinsu.

Ki dubi yanayin da abin ya faru: ƙarshen damina, kwasfa ta nuna, iyaye suna gona wurin girbi, yara suna yawo a juji da yunwa a ciki. Wannan kakarmu ce sak, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin yankan shinkafa da gero da dawa. Kuma alamominsa, amai da zazzaɓi da jijjiga da suma, su ne alamomin masassarar da ta hau kai. A wurin da rabin yara suke da ƙwayar cizon sauro a jini, gwaji zai iya nuna akwai ta ko da ba ita ta kwantar da yaron ba, a yi ta allurar masassara, babu wanda ya tambayi abin da ya ci. Wannan ne yake hana ni sakewa duk lokacin da na ga sanga-sanga ta yi daji a bayan makarantar allo. Yawan da aka ci da ƙanƙantar jiki su ne ma'auni. Yaron da ya tauna ƙwaya ɗaya ko biyu ya tofar yawanci ba abin da zai same shi, kuma in naki sun ci kwanakin baya suna nan garau, ki kwantar da hankalinki. Wanda ya zauna ya ɓare kwasfa bayan kwasfa da cikin da babu abinci, shi ne abin tsoro.

Ki gaya wa maigida ma, domin dabbobi. Shanu da awaki ba su cika taɓa ta ɗanya ba saboda warinta, amma in ta shiga cikin harawa, ko ƙwayarta ta gauraya da dawa ko masarar da za a niƙa wa kaji, sai a ci ba a sani ba. Saniya takan fara zawo, ƙafafun baya su yi rauni, fitsari ya koma kamar ruwan shayi saboda tsokar da ke narkewa, ta kwanta ta kasa tashi alhali idonta biyu. Kaji su rage ƙwai su rame. Masu tara 'ya'yan tafasa suna sayarwa su ma su sani: ƙaron da ake cirowa daga tafasa ana sa shi a abinci a Turai, kuma dokarsu ta ce ƙwayar sanga-sanga kada ta kai kashi 0.05 cikin 100 na kayan. A buhu mai kilo 100, giram 50 ke nan. A wasu ƙasashe kamar Senegal ana soya ƙwayar a daka a sha kamar kofi, suyar tana rage dafin, amma wannan ba abin da za a gwada a gidan da ke da yara ba ne.

Ga manya, ra'ayina shi ne: lafiyayyen mutum da cikinsa ya ƙulle, ya sha ɗan ruwan ganyen marar kauri sau ɗaya, babu kanwa, babu kwasfa a tukunyar, ba zan tayar da hankali ba, ko da yake ƙwayar senosayid da aka auna ta fi min kwanciyar rai. Abin da ba na so shi ne a mai da shi shayin kullum da sunan wankin ciki ko maganin basir. Yawan zawo yana zubar da fotasiyam, gishirin da zuciya take bugawa da shi. Tsoho mai shan maganin sa fitsari don hawan jini ko kumburin ƙafa, ko mai shan digozin don zuciya, in ya haɗa da wannan, bugun zuciyarsa yana iya rikicewa. Mai ciki kada ta sha sam. Mai jego ma ta bari, domin kaɗan daga rayin yana bi ta nono. Mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda cikinsa ke ciwo ba a san dalili ba, su ma haka. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce imodin da alo-imodin suna iya taɓa ƙwayar halitta, wani dalilin ke nan na kada a daɗe ana sha.

Ƙaraminki kuwa, a daina ba shi gaba ɗaya, shi da duk wanda bai kai shekara 12 ba. In zawo ya riga ya kama shi, ki dama garin gishiri da sukari na asibiti, ƙunshi ɗaya a ruwa mai tsabta lita ɗaya, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, nono da abinci kuma kada a tsaya. Ki ɗan tsunkuli fatar cikinsa ki saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tattare, ko ido ya faɗa, ko ya ƙi shan komai, asibiti.

Maganar Inna kuma a bi ta da ladabi, domin ƙauna ce ta sa take tsinko ganyen, kuma da shi ta raini mijinki. Kada ki ce mata maganinta banza ne, ba gaskiya ba ne ma. Ki bar maigida ya yi mata bayani, ya ce an bar mata wankan da shafin makero, shan ne likita ya hana yara, kuma za a fara yin gwaji kafin komai. Ya nemi ta taya ku sa ido a kan jikokin, domin tsohuwa ta fi kowa sanin inda suke wasa. Sannan a tuge wadda ke cikin gida da bayan katanga da hanyar rijiya tun tana fure, kafin kwasfa ta bushe. Wadda ta riga ta yi 'ya'ya a tara a ƙone, kada a zubar a juji, domin ƙwayarta tana shekaru a ƙasa tana jiran ruwa.

In kuwa, Allah ya kiyaye, yaro ya ci da yawa, ko ya fara amai da magagi bayan an gan shi a wurin, kada a jira gari ya waye. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ƙara masa farasitamol, domin shi ma ta hanta yake bi. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari a hanya. A tsinki reshe da kwasfarsa a tafi da shi babban asibiti mafi kusa, a nuna wa likita, a faɗa masa ƙarara cewa yaron ya ci wannan, da lokacin da ya ci, a roƙe shi ya duba sukarin jini da lafiyar hanta tare da gwajin masassara. Dafin ba shi da makari, ƙarin ruwa da sukari ta jijiya da kulawar kusa su ne abin da ake yi, kuma sun fi amfani in an fara su kafin yaro ya suma.